Kiɗan Da Ya Fita Daga Wayar Mukarrama

Mukarrama tana tankaɗen garin masara a tsakar gidansu da ke Gazara, sai motar kamfen ta wuce ta bayan katanga, lasifika na ta kururuwa. Rariyar ta tsaya cak a hannunta. Muryar yayanta Safiyanu ce ke wasa ɗan takarar ciyaman, wannan kam sana'arsa ce. Amma kiɗan da ke ƙarƙashin muryar, ko daga barci aka tashe ta, ta san mai shi.

"Inna, kin ji? Kiɗan Abdul ne fa."

Inna Azumi ba ta ɗago daga yankan kuɓewa ba. "Na yayanki dai. Tun jiya gari ya ɗauka."

Abdurra'uf shi ne saurayin da aka sa musu rana bayan babbar salla. Manomin rake ne a Makarfi, amma ransa na kan jitar bes, mai kakkauran tsirkiya huɗu, wadda mawaƙa kan bari a baya tana gunji. Tun da ya gaji tsofaffin faya-fayen jaz na kawunsa ya ƙudura sai bes ta fito gaba ta rera kari da kanta, kalangu da saksafon su biyo bayanta. Samarin situdiyo a Zariya dariya suke masa, wai kwamfuta ta binne wannan yayi. Shi kuwa ya yi shekaru yana ƙera kari guda daga busar sarewar makiyayan da ke ratsa gefen gonarsu, har wani taron makaɗan jaz a Abuja ya gayyace shi, bisa sharaɗin kiɗan nasa ne kuma bai taɓa fita ba.

Mutum ɗaya Abdurra'uf ya tura wa kiɗan nan: Mukarrama. Ita kuma doki ya ɗebe ta, ta tura wa yayanta don ya ji irin mijin da za ta aura.

Bayan la'asar Abdurra'uf ya yi sallama a zaure. Ko gaisuwar ba su ƙarasa ba ta fashe da kuka.

"Ni ce na tura masa, Abdul. Wallahi don alfahari na yi."

"Na sani," ya ce a hankali. "Mutanen Abuja sun kira ni ɗazu. Sun ga waƙar a intanet da sunan Yaya Safiyanu. Sun ce in ba ni da hujja, sun soke sunana."

"Hujja tana wayata. Ranar da ka turo da ranar da na tura, duk suna nan."

Ta shiga ɗauko wayar ke nan ta tarar Safiyanu ya dawo, yana kaɗa makullin sabuwar motar da ɗan takara ya ba shi. Tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gidan, shi ne kuma waliyyinta.

"Yaya, me ya sa ka yi mana haka?"

"Me na yi? Gunjin da ba mai saurara na sa wa ganga da baiti, ga jiha guda tana rawa. Godiya ya kamata ya yi mini. Ki nuna wayar nan ki gani — in ga wanda zai ba da aurenki."

Ta juya wajen mahaifiyarta. "Inna, ki sa baki. Haƙƙin mutum ne."

Inna ta ajiye wuƙar. "Wa ke ciyar da mu, ke da ƙannenki? In kika tona wa ɗan'uwanki asiri a duniya, Mukarrama, ban yafe miki ba."

Ta koma zaure, ta miƙa wa Abdurra'uf wayar duk da haka. Ya ji komai ta ƙofa. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya maida hannunsa aljihu.

"Riƙe abarki. Ba zan wanke sunana da fushin mahaifiyarki ba."

Taron Abuja ya zo ya wuce babu shi. Mai saksafon da suke kiɗa tare ya koma Zariya bin gidajen biki, mai kalangunsu ya shiga tawagar Safiyanu. Ranar kasuwar Makarfi yara suka riƙa nuna Abdurra'uf, wai ga mai kwaikwayon waƙar kamfen. Haƙurin nasa ma bai sayo musu auren ba, don Safiyanu ba ya iya haɗa ido da shi, sai ya yi ta ɗaga rana: yau sai an gama zaɓe, gobe sai an girbe dawa. Mukarrama ta rame har zanenta na kwancewa. Duk sanda motar kamfen ta gifta, ɗaki take shiga ta toshe kunne. Ta taɓa ce masa ya nemi wata, ita ta zame masa annoba. Ya ce, "Na rasa kiɗan, kina so in rasa ki kuma?"

Ɗan takara ya ci zaɓe, ya buƙaci sabuwar waƙar rantsarwa, irin waccan sak. Safiyanu ya yi ta kai-kawo a situdiyo, ya kai waƙoƙi uku, duk aka watso masa su. Aka ɗauki wani mawaƙi, aka aiko aka karɓe motar.

A gonar rake Safiyanu ya je ya sami Abdurra'uf, hula a hannu. "Ƙanina, ka taimake ni da kari ɗaya."

"Ba na kiɗan yabo, Yaya. Na yafe maka tuni. Amma gaskiyar nan kai kaɗai za ka iya faɗinta ba tare da Inna ta yi fushi da kowa ba."

Safiyanu ya ɗauki bidiyo ya faɗi gaskiya. Waƙar sata jiha guda ta ji ta, amma bidiyon tuban 'yan tsiraru ne suka kalla, mutanen Abuja kuwa ko amsa ba su turo ba. Har yau a Makarfi, Waƙar Safiyanu ake ce mata.

Inna ce ta kira 'yarta da hantsi, ido jajir. "Na tauye ku, Mukarrama. Tsoron yunwa ya sa na goyi bayan ƙarya. Ki ce wa yaron nan ya turo magabatansa."

Aka ɗaura aure ba taro ba kiɗa. Abdurra'uf na nan yana noman rakensa, yana ƙera sabbin kari da ba a san ranar da duniya za ta ji su ba. Mukarrama ta kan zauna gefensa ta saurara, ba ta kuma sake tura wa kowa ba.

Amana ko ɗan uwarka ba a miƙa wa sai da izinin mai ita. Haƙuri kuwa ba kullum yake dawo da abin da aka ƙwace ba. Wani lokaci iyakar ladansa a duniya shi ne ya bar maka mutumin da kuka yi asarar tare.