Akuya Mai Sunan Kaka

A wani gari can da, an yi wata yarinya da ba ta manta ranar da ta fara ganin kakarta Yalwa ba. Tsohuwar ta sauko daga kan jaki, ta rungume ta, ta ba ta 'yar akuya. Don tsananin son kakar, yarinya ta raɗa wa akuya suna Yalwa. Akuya kuwa ba ta jin kowane kira sai wannan.

Wata rana yarinya ta tafi rafi, akuya ta faɗa wa geron da aka shanya. Uwar yarinya ba ta iya kama sunan surukarta, sai ta ce, "Ke mai sunan Iya, fita!" Akuya ta ci gaba da ci.

Uban ya fito, shi ma kunya ta kama shi. "Ke takwarar tsohuwa, fita!" Akuya ta ci gaba da ci.

Kaka ta leƙo ta daka tsawa, "Yalwa, marar kunya, fita!" Akuya ta fita, maƙwabta suna ta dariya.

Da yarinya ta dawo, uban ya ce, "Ko a sake suna, ko akuya ta tafi kasuwa."

Yarinya ta dubi akuya, ta dubi kaka. Sannan ta durƙusa ta ce, "Kaka, daga yau sunanta Baƙa. Naki kuwa na yi alkawari zan ajiye wa 'yata. Ita ba za ta ci shanya ba."