Sunan Da Ba Nasa Ba

Ranar kasuwar Wara ce. Jirgin ruwan da ya ɗauko su Zaharaddeen daga Yelwa bai gama tsayawa ba sai ihu ya tashi a bakin gaɓa. Wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi ce wuƙa ta kuɓuce mata ta yanke ta a tafin hannu, jini yana ta zuba a kan tabarma. Direban jirgin, wanda unguwarsu ɗaya da Zaharaddeen, ya ɗaga murya.

"Ku ba da hanya! Ga Dakta nan!"

Zaharaddeen ya ji kamar ya nutse cikin ruwan. Kafin ya buɗe baki wata budurwa mai hijabi ruwan toka ta sha gabansa, idanunta sun cika da ƙwalla.

"Dakta, don Allah ka taimaka. Kakata ce."

Ya durƙusa ya wanke ciwon da ruwan leda, ya danne shi da tsaftataccen ƙyalle, ya ɗaga hannun sama har jinin ya lafa, sannan ya ɗaure.

"A kai ta asibiti yanzu," ya ce. "Sai an yi ɗinki, a yi mata allura."

Tsohuwar, Kaka Dudu, ta yi ta sa masa albarka. Budurwar ta ce sunanta Zulai'atu, malama ce a firamare, ta roƙi lambar wayarsa ko da wani abu zai taso. Ya ɗago ido suka haɗa kallo. Ya ba ta lambar. Ya so ya ƙara da cewa shi fa ba likita ba ne, amma mutane sun kewaye su ana ta "Sannu, Dakta", sai bakinsa ya yi nauyi.

Sunan ya samo asali ne tun yana ƙaramar sakandare. Da ya fara zuwa na ɗaya a aji, mahaifinsa Malam Yusuf, tela a kasuwar Yelwa, ya soma kiransa Dakta, unguwa ta ɗauka. Ya nemi karatun likita aka ba shi fisiyoloji, ilimin yadda sassan jiki ke aiki. Ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya sake nema ta hanyar masu digiri, shekara ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, sunansa bai fito ba. Yanzu hanya biyu ce a gabansa. Mahaifinsa yana so ya koma Sakkwato ya yi digiri na biyu, ko don a ce yana jami'a. Ita kuma Madam Grace, tsohuwar nas da ta buɗe ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a Wara, tana neman wanda zai riƙa ba da kati yana awon jini. Wajenta ma ya zo ranar, a ɓoye, ba da sanin gida ba.

Da yamma saƙo ya shigo wayarsa.

"Salam Dakta. An yi wa Kaka ɗinki, har ta ci tuwo. Ta ce hannunka da albarka. Ni ma na gode ƙwarai. Zulai'atu."

Ya rubuta "Ni ba likita ba ne", ya daɗe yana kallon rubutun, ya goge. Ya tura: "Alhamdu lillahi. A gaishe ta. Ke fa, tsoron ya sake ki?"

Daga nan hira ta ɗore. Ta ba shi labarin ɗalibanta da ke zuwa aji da ƙanshin kifi a hannu, ya ba ta labarin ƙuruciyarsa a bakin kogi. Ya fara zuwa Wara duk ranar kasuwa, su zauna a ƙofar gidansu, ƙarƙashin darbejiya. Ya kira ta Zulaina. Ita kuma ta raɗa masa Likitana, kuma duk sanda ta faɗa sai ya sunkuyar da kai, ita tana zaton kunyar soyayya ce.

"Kai ba ka taɓa ba ni labarin asibitinku ba," ta ce wata rana.

"Ina hutu ne tukuna, Zulaina."

"To Allah ya ƙara hutun, in dai nan za ka riƙa kawo shi."

Ta yi dariya, shi ma ya yi ta yaƙe.

Likitan da ya yi wa Kaka ɗinki a asibitin gwamnati, Dakta Zulkiflu, shi ma ya ga Zulai'atu ranar, kuma ya fara aiko da gaisuwa gidan. Zaharaddeen ya san shi sarai. Benci ɗaya suka zauna a sakandare, Zaharaddeen ne ya riƙa koya masa kimiyya. Zulkiflu ya samu gurbi a karon farko.

Da Alhaji Abubakar, mahaifin Zulai'atu, mai jiragen haya a bakin ruwan Wara, ya aika a kira Zaharaddeen, sai ya tarar da Zulkiflu zaune a zaure, ya zo duba hannun Kaka. Zulkiflu ya miƙe da fara'a ya rungume shi.

"Zahar! Kwana da yawa. Ya maganar gurbin nan? An dace bana?"

Alhaji ya ajiye carbinsa.

"Wane gurbi kuma? Ba likita ba ne wanga yaro?"

Zulkiflu ya dubi abokinsa, ya gane ya yi ɓarna. A bayan labulen ƙofar cikin gida Zaharaddeen ya hango gefen hijabin Zulai'atu, da faranti a hannunta.

"Alhaji, ni ba likita ba ne," in ji Zaharaddeen. "Ina dai nema. Suna ne aka sa min a gida."

"To mi kake yi yanzu?"

"Babu komai tukuna."

Alhaji ya ce, "Yaro, ni da ɗan kwale-kwale guda na fara, ban raina marar shi. Amma wanda zai zauna ƙofar gidana yana amsa sunan da ba nashi ba, ba ni ba shi ɗiyata. Tashi ka tafi."

Bai san yadda ya kai tasha ba. A cikin mota saƙonta ya iso.

"Na faɗa wa Inna likita ne ke nema na. Na faɗa wa ƙawayena. Na faɗa wa malaman makarantarmu duka. Gobe da wane ido zan dube su? Ba rigar likita na so ba, Zaharaddeen, amma ka bar ni ina yawo da ƙarya a bakina."

Karo na farko ke nan da ta rubuta sunansa. Ya karanta ya sake karantawa, ya kashe wayar.

Ya kulle kansa a ɗaki kwana da kwanaki. Fita masallaci ma sai ya bari an tada salla, ya tsaya a sahun baya, ana sallamewa ya fice, don kada wani ya ce masa Dakta. Malam Yusuf, da bai san abin da ya faru ba, ya ci gaba da matsa masa a kan Sakkwato, har ya ce zai sayar da keken ɗinkinsa na biyu. Zaharaddeen ya fara ganin tafiyar a matsayin mafita. Can babu wanda ya san shi, babu Wara, babu Alhaji. In ya tafi, sai ya yi shekara biyu a ɓoye, Zulai'atu ta auri likita na gaskiya, kowa ya huta.

Mahaifiyarsa, Inna Altine, ce ta same shi a ɗaki da kwanon fura. Ya ba ta labarin duka, kansa a ƙasa.

"Digirin nan, kana son shi?" ta tambaya.

"A'a, Inna. Likitanci nake so. In na shiga wancan ba zan samu lokacin shirin jarrabawa ba, kuma keken Baba zai tafi a banza."

"To karatu za ka tafi ko gudu?"

Ta tura masa kwanon ta tashi.

Washegari ya sami mahaifinsa a shago, yana kan ɗinkin wata babbar riga. Ya durƙusa a gefen keken.

"Baba, ina neman izini. Ba zan tafi Sakkwato ba. Zan karɓi aiki a wani ƙaramin asibiti a Wara, in riƙa ba da kati, in sake neman gurbin daga can."

Keken ya tsaya. "Kati? Duk kasuwar nan na ce masu ɗana likita ne. Sai su je Wara su iske ka kana kiran layi?"

"Shi ya sa, Baba. Na gaji da amsa abin da ban zama ba. Har ya jawo na ji kunya a gidan mutane, na sa 'yar mutane ta ji kunya."

Malam Yusuf ya cire tabarau ya share ido da gefen hannu.

"Ni na ɗora maka shi tun ba ka san nauyinshi ba," ya ce a hankali. "Je ka. Allah ya ba da sa'a."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Ranar farko wani masunci ya shigo ya ce, "A'a, Daktan bakin ruwa!" Zaharaddeen ya ce, "Ba likita ba ne ni, Baba. Mai kati ne. Kawo hannunka in auna." Masu jira suka kwashe da dariya. Haka ya yi ta faɗa, yau ga wannan gobe ga wancan, har garin ya gaji da dariyar. Madam Grace ta koya masa wankin ciwo da yadda ake lallashin mai tsoron allura. Da an tashi aiki sai ya buɗe littattafansa.

Zulai'atu kuwa bai neme ta ba. Ya taɓa hango ta tana saukowa daga motar Zulkiflu a ƙofar makarantarsu, ya juya ya bi wani lungu, ya ce a ransa magana ta ƙare.

Wata ranar Laraba ta shigo asibitin da kanta, ta tsaya a gaban teburinsa.

"Kati nake so."

Ya jawo biro. "Me ke damun ki?"

"Wani ne ya yi min laifi, maimakon ya ba ni haƙuri sai ya ɓace."

Ya kasa ɗago kai. "Ban ga fuskar da zan zo da ita ba, Zulai. Kuma na gan ki a motar Dakta. Ya fi ni komai."

"Rage min hanya ya yi, ana ruwa. Kuma a motar nan na ce masa ya yi haƙuri. Ka san me ya ce? Ya ce ba don kai ba da bai ci jarrabawar kimiyya ba." Ta share ido da gefen hijabi. "Na sha dariya a ɗakin malamai, Zahar. Na yi fushi ƙwarai. Amma kullum sai an kawo min labarin wani mai kati da ke cewa shi ba likita ba ne. Shi nake so in ji daga bakinsa."

"Ki yafe min, Zulaina. Na ji tsoron in kin sani za ki tafi."

"Da ka gwada ni."

Da maraice ta turo: "Na yafe. Amma Baba ba ni ba ne, sai ka yi haƙuri da shi. Ka ci abinci, na ga ka rame."

Alhaji Abubakar bai sauko da wuri ba. Sau biyu manyan Zaharaddeen suna zuwa yana cewa a dakata. Sai da damina ta ja, jiri ya fara damunsa, ya zo awon jini. Zaharaddeen ya auna, ya sake aunawa, ya ce, "Alhaji, ya hau sosai. Wannan ya fi ƙarfina, ya fi ƙarfin nan wurin. Dakta Zulkiflu ya kamata ya gan ka yau." Ya nemi izinin Madam Grace, ya goya shi a babur ya kai shi da kansa, ya zauna a benci har aka gama.

A hanyar dawowa Alhaji ya yi magana daga bayansa.

"In gurbin bai samu ba har abada fa?"

"Zan ci gaba da aikina, Alhaji, in nemi karatun da zai ƙara min a kansa. Ba zan zauna ba."

Da Alhaji ya sauka a ƙofar gida ya gyara hularsa ya ce, "Ka ce wa mahaifinka ya turo."

Bayan an girbe shinkafa aka ɗaura aure a masallacin Juma'a na Wara. Mutanen Yelwa suka cika jirage biyu na Alhaji, Malam Yusuf ya ɗinka wa ango riga da hannunsa, Zulkiflu ne babban aboki. Zaharaddeen ya riga ya sake tura takardunsa, sakamako bai fito ba, kuma da masu taya murna suka tambaya haka ya faɗa musu, kansa a ɗage.

Da aka kawo amarya 'yan rakiya suka watse, ya zauna a gabanta ya ɗaga mayafin a hankali.

"Zulaina, kin auri mai jira."

"Sai mu jira tare," ta ce tana murmushi. "Kai ka yi karatu, ni in yi makin jarrabawar yara, fitila ɗaya ta ishe mu."

Ya riƙe hannunta ya yi addu'a, tana amsawa da amin. Daga tsakar gida suna jin muryar Inna Altine tana sallama da mata, tana cewa Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo zuriya ta gari, ya cika wa yaron nan burinsa a lokacin da ya fi alheri.