Kibiyar da Tela Ya Juya

Da magariba Tela ya fita sayo wa Inna, mahaifiyarsa, maganin shaƙa, don ƙirjinta ya sake kamawa. Tun da aka rufe babban titi ana aiki, aka karkato da manyan motoci cikin layinsu, tsohuwar ba ta ƙara yin numfashi mai daɗi ba. Tifa ta wuce, ƙura ta turnuƙe, bango ya girgiza. Mutanen layi sun yi taro, sun kai kuka, an ce musu ana dubawa. Har yau dai ana dubawa.

Shi ya sa da la'asar Tela ya yi abin da ya ɗauka dabara ce. Akwai allon kibiya a bakin layi mai nuna wa motoci inda za su bi. Ya kama shi ya juya, kibiyar ta koma kallon lungun baya, wanda ba ya ɓullewa. A tunaninsa direbobi za su leƙa, su ga ba hanya, su nemi wani layin. Bawan Allah bai tuna cewa a bangon ɗakin Inna lungun ya ƙare ba. Direbobin kuwa ko kallon allon ba su yi ba, sun riga sun haddace hanyarsu.

Ya sayi maganin ya juyo. Ma'aikata sun tashi, injinan tono suna tsaye shiru, warin kwalta na cika hanci. A gindin allon ya ga mai tuta, irin masu tsayar da motoci, cikin rigar aiki mai ƙyalli. Dogo ne ƙwarai. Tutarsa na kaɗawa, alhali ko leda ba ta motsi a ƙasa.

"Sannu da aiki," in ji Tela.

"Dakata," mutumin ya ce cikin raɗa. "Masu hanya za su wuce."

Babu mota. Sai wani sanyi ya taso, da wari irin na tsohuwar rijiya. Daga nan sai takun sawu, masu yawa. Jan kaya a ƙasa. Tarin wani tsoho. Kukan jariri can ƙasa-ƙasa.

Ƙura tana lotsawa sawu-sawu, amma ba a ganin kowa. Duk wanda ya iso allon sai ya karkata cikin lungun.

"Ai ba ya ɓullewa," Tela ya ce.

"A wurinku. Mu ma an tone mana tamu hanyar, mu ma mun kai kuka. Inda aka nuna muke bi." Mai tuta ya juyo gare shi. "Kai ka nuna."

Tela ya cafki allon zai mayar. Ƙarfen ya ƙi motsi.

Mai tuta ya sunkuyo. A ƙarƙashin hularsa babu fuska, ƙura ce kawai ke juyawa.

Tela ya runtuma. Wani abu ya riƙe masa riga ta baya, ta yage. Bai waiwaya ba sai da ya faɗa cikin gida.

Inna na zaune a kan gado, ta takure ƙafafu kamar mai ba wa wani hanya.

"Ɗan nan, wa ya buɗe musu?" ta ce da ƙyar. "Tun ɗazu suke ratsa ni. Kowa ya wuce sai ya ɗebi numfashina kaɗan."

Ya sa mata maganin a baki. Kunya da tsoro suka sa ya kau da kai.

Da safe allon ya juyu kamar ba shi ba. Tela ya tumɓuke shi, aka yi addu'o'i, har gidan ƙanwarsa ya mayar da Inna. Duk a banza. Magariba na yi sai ta takure ƙafafu. Ta ce ba lungun suka riƙe ba, ita suka riƙe.

Daga baya an buɗe titi, tifofi suka bar layin, maƙwabta suka yi ta murna suna wanke tagogi. Inna ba ta ga ranar ba.

Yanzu Tela yana rufe shagonsa na ɗinki kafin rana ta faɗi, ya zauna a ɗakinta. Masu hanya ba su daina wucewa ba. Yakan kasa kunne, don a cikin tarin da ke ratsa bangon akwai guda da ya sani.