Mai Koya wa Yara Faɗuwa

Auta tana tsakar gida tana wanke-wanke, kofi ɗaya ta cuɗa har sau uku, don hankalinta yana ɗakin Baba. Wata bakwai ke nan, ko takwas ne ma, tun da malamin motsa jiki na firamaren unguwarsu ya nemi izinin turo magabatansa. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ita dai ta danne zuciyarta, ko sau ɗaya ba ta ɗaga murya ba.

Yau kam magana ta fashe.

"Ƙaton namiji da usur a wuya!" in ji Baba. "Shekara talatin ina kan rufin mutane ina buga kwano, sannan in ba mai koyar da alkafura 'yata?"

"Haba Maigida, ai sana'a ce," in ji Mama a hankali.

"Sana'ar birai ba! Auta! Ɗauko mayafinki. A gabanki zan sallame shi."

Kofin ya suɓuce mata. Duk tsawon hanya tana bayansa, tana share hawaye da bakin mayafi.

Da suka isa makarantar, sun tarar da katifu uku da suka sha jiki a shimfiɗe a inuwa, yara sun yi layi ba takalmi. Malamin yana durƙushe, tafin hannunsa a ƙeyar wata yarinya da ta tsorata.

"Malam, zan karye!"

"Ba za ki karye ba, hannuna yana nan. Haɓa a ƙirji. Dunƙule kamar ƙwallo. Yauwa — tafi!"

Ta wuntsila, ta tashi zaune tana zare ido. Yara suka kaure da tafi.

"To, in mutum zai faɗi, me ba ya yi?" malamin ya tambayi yaran.

"Ba ya tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu!"

"Sai me?"

"Ya lanƙwasa, ya mirgina, ya tashi!"

"In ɗan'uwanka ne ya faɗi fa?"

"Ba dariya! A kama shi!"

Auta ta saci kallon Baba. Ya tsaya cak, ya riƙe wuyan hannunsa na hagu. A karkace hannun yake tun kafin a haife ta, ranar da tsani ya zame da shi.

Sai a sannan malamin ya hango su. Ya taho, ya rusuna.

"Baba, sannu da zu—"

"Dakata. Wannan maganar ta hannu, da gaske ne?"

"Da gaske ne, Baba. Nauyin jiki gaba ɗaya kan ƙashi guda yake sauka."

Auta ta san halin Baba, in ya yanke magana ba ya waiwaye.

"Mu hawa kawai aka koya mana," in ji Baba can ƙasa-ƙasa. "Ba wanda ya koya mana faɗuwa." Ya yi gyaran murya, ya ɗaure fuska. "Ka gaya wa mutanenka ina gida ranar Asabar. Koma, yara suna jiranka."

"Baba!" Auta ta rufe baki, kuka da dariya suka haɗe mata.

Haka haƙurinta ya biya ta, ba ta saɓa wa mahaifinta ba, ba ta kuma rasa masoyinta ba. Mu kuwa iyaye, kafin mu raina aikin mutum, mu daure mu je mu tsaya mu ga yadda yake yin sa.