Abin da Ya Kashe Motar Dogara

Abdoulaziz bai je filin ajiye motocin hatsari don bincike ba. Kayan mamaci ya je kwasowa: darduma, lema, da takalman yara da suka saura a kujerar baya. Lauratu, matar marigayi Dogara, ta shiga takaba ba ta fita, shi kuwa aminin mijinta ne tun zuwansu birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

Bayan motar ya lotse kamar gwangwanin da aka taka, gaban kuwa ko ƙwarzane babu. Abin da 'yan sanda suka faɗa gajere ne. Dogara yana kan hanyar tashar jiragen ruwa ta Huangpu da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, motar ta mutu a tsakiyar hanyar ƙarƙashin ƙasa. Ya fito ya zaga baya don ya ajiye alamar tsayawa, tirela ta haɗa shi da motar. Direban tirelar ya rantse ko fitila ɗaya ba ta ci a jikinta. Suka ce tsohuwar mota ce, batir ya mutu, suka rufe maganar.

Batir ɗin nan Abdoulaziz ne ya sayar wa Dogara, sabo fil. Kafin ya koma sayen kayan gyaran mota yana turawa gida, rewaya ne a Damagaram, gyaran wutar mota ne sana'arsa. Tun a wajen jana'iza ya lura mutane suna yin shiru idan ya matso. Shi ya sa ya ja mariƙin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya ɗaga bonet.

Kan batir a ɗaure tam. Bel bai tsinke ba. Fiyus duka lafiya. Ya zura hannu ta bayan altaneta, na'urar da ke ciyar da batir muddin inji na juyawa. Wurin a matse yake, bakin wani ƙarfe ya yage masa bayan hannu. Yatsunsa suka taɓa ƙaramin soket ɗin da ke shiga jikinta, sai ya ji yana lilo. An zare shi, aka ɗora shi a bakin raminsa yadda ido zai ɗauka a haɗe yake.

Soket ɗin yana da harshe mai kullewa. Ba ya fita sai an danna shi da yatsa. Kuma a irin wannan motar, idan aka zare shi, altaneta ba ta caji, jar fitilar batir da ke gaban direba ita ma ba ta kamawa. Mota za ta tashi lafiya, ta yi ta cin batir da esi da waifa da fitilu, kafin awa guda ta mutu gaba ɗaya.

Ya daɗe a tsaye da hannu yana jini. Ba batirinsa ba ne. Ya so ya ji sanyi a ransa, bai ji ba.

Ya fara da Lao Wu, bakaniken da ke lungun bayan unguwarsu ta Dengfeng, wanda ya yi wa motar juyen mai ya ɗaura batir ɗin. Da guntun Sinanci da guntun Turanci suka yi magana, kamar kullum.

"Ka taɓa altaneta?"

"Meyo," in ji Lao Wu, wato babu. "Mai da batir kawai, lawban." Lawban shi ne maigida a yarensu.

"Hannunka bai bugi soket ɗin ba?"

Tsohon ya ajiye sifana, ya ja shi wajen wata mota irin ta Dogara, ya kama soket ɗinta ya girgiza da ƙarfi. Bai motsa ba. "Kuma makon jiya ne na yi aikin. Bayan nan ya je Foshan ya dawo, ya tsaya a nan ya sha shayi. Da soket a zare, ko rabin hanya ba zai kai ba."

Gaskiya ne. Duk wanda ya yi aikin nan, dab da tafiyar ƙarshe ya yi shi.

Na biyu Tankari ne, ɗan Ƙonni mai sayen tufafi, wanda ya ari motar ana gobe hatsarin. Kowa ya san sun yi cacar baki da Dogara wajen mayar da makulli. Abdoulaziz ya same shi a kasuwar Guangyuan yana zaune kan dila.

"Me ya haɗa ku?"

"Na loda kaya har kan kujerun yara, ya ce na mai da motar iyali akori-kura. Na faɗi maganar da ban so ba." Tankari ya sunkuyar da kai. "Ita ce maganarmu ta ƙarshe."

"Ka buɗe bonet?"

"Ni ko inda ake buɗewa ban sani ba, Abdoulaziz."

"Yaushe ka mayar?"

"Bayan azahar. A gabana ya shiga ya tafi ɗauko yara makaranta. Tambayi kowa irin cunkoson da aka yi ranar, sai dab da magariba suka iso gida."

Abdoulaziz ya tambayi mai shagon waya na ƙasan benen su Dogara, ya tabbatar masa. Motar ta yi yammaci guda a cunkoso da esi a kunne, ba ta mutu ba. Tankari ya fita daga zargi. Saura tsakanin magariba da safiya, kuma bonet ba ya buɗuwa sai daga ciki. Sai mai makulli.

Gidan Dogara ɗaki biyu ne a hawa na shida. Abdoulaziz ya tsaya daga bakin ƙofa, ya miƙa kayan ta hannun matan da ke zaman makoki. Lauratu ta matso bayan labule.

"Maman Saffana, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malam Abdoulaziz."

"Ki gafarce ni, tambaya zan yi. A ina makullin mota yake kwana?"

"A ƙusar nan ta bayan ƙofa."

"Ranar, wani ya ɗauka kafin shi?"

"Yaya Ghali ya sauka da shi bayan asuba, ya ce ya bar cajarsa a ciki. Ai tare za su tafi ma. Da ya hawo sai ya ce cikinsa na murɗa, Baban Saffana ya tafi shi kaɗai. Kullum ina cewa Allah ne ya bar mini ɗaya."

Ghali wanta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Dogara ne ya kawo shi daga Kano, ya sa shi cikin harkar kwantena, ya ba shi ɗaki a gidansa.

Abdoulaziz ya sauka benen a hankali. Bai so ya je Huangpu ba, amma ya je. Matar da ke kula da siton da Dogara ke tara kaya ta tuna ranar sarai. Ta ce lawban Dogara ba ya yarda a rufe kwantena sai ya buɗe kowane kwali da hannunsa, shekara da shekaru haka yake. Ranar bai zo ba, surukinsa ne ya zo a tasi, da ƙaramar motar kaya a bayansa. Ya ce a ƙara wasu kwalaye a tsakiyar atamfofi. Ɗaya ya fashe wajen lodi. Kwalabe ne na maganin zazzaɓin yara, takardar jikinsu tana ɓarewa da ɗan yatsa. Ta ga abin bai yi mata ba, amma ba kayanta ba ne. Aka rufe, aka buga hatimi, jirgi ya tashi.

Da la'asar ya koma gidan. Matan makoki sun watse. Ghali ne ya buɗe ƙofa, doguwar riga a jikinsa, idanunsa sun faɗa.

"Malam Abdoulaziz, shigo mana."

"Nan ma ya isa. Na je na ga motar."

"Allah sarki. Ni na kasa zuwa."

"Mutane suna cewa batirina ne."

"Ka rabu da mutane," in ji Ghali. "Ƙaddara ce. Motar da ko fitilar batir ba ta nuna masa ba, ta yaya zai sani?"

"Wa ya gaya maka ba ta nuna ba?"

Ghali ya kau da kai.

"Shi kaɗai ne a motar," in ji Abdoulaziz, "kuma bai yi magana da kowa ba kafin ya cika. 'Yan sanda ba su ambaci fitilar ba. Ni ma ban gaya wa kowa ba. Miƙo hannunka na dama."

Bai miƙo ba. Abdoulaziz ya ɗaga nasa, ya nuna masa yagewar da ke baya. Ghali ya ja hannun rigarsa ƙasa, amma an riga an gani: rauni ne iri ɗaya, a wuri ɗaya, ya fara bushewa.

Labule ya motsa. Lauratu tana tsaye a bayansa.

"Malam Abdoulaziz, faɗa mini. Kada ka rage komai."

Ya faɗa mata, idonsa a ƙasa. Ya ce an zare soket ɗin altaneta da gangan, kuma mai zarewar ya san cewa fitilar gargaɗi ba za ta kama ba. Bakanike bai yi ba, don motar ta yi doguwar tafiya bayan aikinsa. Tankari bai yi ba, don ta yi yammaci a cunkoso bayan ya mayar. Daga magariba zuwa safiya mutum ɗaya ne ya ɗauki makulli. Mutumin nan ya ce ciwon ciki ya hana shi tafiya, amma an gan shi a sito a Huangpu yana cusa jabun maganin yara cikin kwantenar Dogara, kayan da Dogara ba zai taɓa bari su wuce ba in yana wurin.

"Yaya," in ji Lauratu, "a garejin Kawu na Ƙofar Ruwa, ba wutar mota ka koya ba?"

Ghali ya zauna a ƙasa, a nan bakin ƙofa. "Tsayawa kawai na so ta yi. Na ce za ta mutu a gefen titi, ya kira janwe, kafin ya iso an rufe kwantena. Ban san za a yi ruwa ba. Ban san a cikin ramin nan za ta tsaya ba. Lauratu, wallahi tsayawa kawai."

"Ka ci abinci da shi da safen."

"Lauratu..."

"Ni na zuba muku a kwano ɗaya."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ga Abdoulaziz ta tambaye shi me zai faru in an kai magana. Ya gaya mata gaskiya. Kwantenar da sunan Dogara take. In aka sanar da hukuma za a kama ta gaba ɗaya, da maganin da atamfofin, kuma sunan mamaci ne zai fito. Atamfofin nan su ne duk abin da ya bar mata da yara. Izinin zamanta a ƙasar ma a kan nasa yake, ba da jimawa ba za a ce ta tafi.

"In kuma an yi shiru?"

"Maganin zai shiga kasuwa a Kano."

A ɗaya ɗakin ana jin Saffana, babbar 'yarta, tana rarrashin ƙaninta.

"Ka sanar," in ji Lauratu. "Duka ka sanar. Har shi."

Washegari Abdoulaziz ya je ofishin 'yan sanda da wani ɗalibi ɗan Zariya mai jin Sinanci sosai. Jami'in ya saurare su cikin ladabi har ƙarshe. Sannan ya tambaya ko akwai wanda ya ga an zare soket ɗin, kuma wa ya taɓa shi bayan hatsari. Abdoulaziz ya ce shi ne. Jami'in ya buga waya filin motoci, aka ce masa tunda iyali sun kwashe kayansu, an tura motar wajen masu narka ƙarfe. Game da kwantenar, ya ce za a aika wa waɗanda abin ya shafa.

Kafin su dawo Dengfeng, Ghali ya ɗauki jakarsa ya fita. Wani ya ce ya gan shi a tashar jirgin ƙasa. Bayan nan babu wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

An kama kwantenar a wata tashar da jirgin ya yada zango. Labarin da ya iso Dengfeng shi ne an samu jabun magani a kayan Dogara. Mutanen da suka yi masa salla suka fara cewa ashe haka yake. Abdoulaziz ya bi shago shago yana bayani, wasu suka gyaɗa kai, wasu suka ce ai dole ya kare amininsa, ya kuma kare batirinsa.

Shi ya raka Lauratu da yaran filin jirgi, a tasi. Akwati biyu ne kayansu. A hanya ta gaya masa ta kira mahaifiyarsu a Kano ta faɗa mata komai.

"Me ta ce?"

"Ta ce na rasa miji, yanzu kuma ina so ta rasa ɗa. Ta ce in zan zo da wannan maganar, kada in sauka a gidanta."

"To ina za ki sauka?"

Lauratu ta gyara wa yaron da ke barci a cinyarta hula. "Ban sani ba tukuna, Malam Abdoulaziz. Jirgin yana da nisa, zan yi tunani a ciki."