Ɗaki na Uku

Ana dab da kiran magariba Ubale ya gama fasa taga a ɗaki na uku. Gidan marigayi mahaifinsa Ɗanasabe ne a Tiga: ɗaki biyu, sai wani ɗan ƙuntatacce da tsohon ya kulle tun ranar da suka tare, bayan ruwan dam ya cinye ƙauyensu. Wani ma'aikacin ruwa ya ce zai sayi gidan in an gyara shi ya zama ɗaki uku. Ubale kuwa ba ya ganin abu a ajiye ya ƙyale. Ya ɓalle kwaɗon, ya tarar da guntun reshen tsamiya kawai, ya jefa shi a murhu.

Kafin a idar da salla duwatsu suka fara sauka a kan kwanon rufi. Kaji suka yi tsit. Halima, 'yarsa tilo, ta ajiye tsintsiya, ta shiga ɗakin na ukun ta zauna tana fuskantar bango. Kwana huɗu ba ci, ba magana, sai ruwa mai ƙarnin kifi da ke ɗiga daga gashinta.

A rana ta biyar aka ɗauko Malam Surajo daga garin Ƙofa. Ya daɗe yana karatu kafin ta waigo.

"Wane ne kai?"

"Baƙon Ɗanasabe," in ji wata tsohuwar murya daga bakinta. "Tsamiyata tana ƙarƙashin dam. Shi ya ɗauko ni, ya ba ni ɗaki. Wannan ya ƙona abin da ya rage mini. Ya hana ni ɗaki, na samu wani."

"Yarinyar ba ta yi maka komai ba. Ka ji tsoron Allah."

Ubale ya durƙusa yana kuka wiwi. "Na fasa sayarwa! Zan toshe tagar!"

"Sayar. Rana ta riga ta shiga ciki, ba na so. Zan saki yarinya. Amma duk gidan da ka zauna, ɗakin kwananka nawa ne."

Malam ya dubi Ubale. Ubale ya dubi 'yarsa, ya gyaɗa kai. Halima ta yi atishawa, ta ce tana jin yunwa.

Gidan ya sayu da ɗakinsa uku cif. Ubale ya gina wani a Ƙofa, ya shafe turakarsa da siminti, ya sa gadon ƙarfe, ya kulle. Har ya koma ga Allah, a zaure yake kwana kan tabarma.