Ƙofar da Yagana Ba Ta Rubuta Ba

Wasan kwamfutar da Yagana take koyon rubutawa a wani shagon kwamfuta na unguwar Gwange ƙarami ne: haruffa suna gudu cikin lungu, wuta tana bin su. Kowane harafi ta sa masa sunan wani maƙwabcinsu da bai fito ba ranar da aka ƙone unguwarsu. Gobe malam zai duba aikin, amma har magariba ta rasa abin da ya hana wasan ƙarewa.

Mai shago ya kashe janareta ya tafi masallaci. Amma allon kwamfutarta bai mutu ba.

Sai ta ji ƙauri irin na tabarmar da ta ci wuta. Wata tsohuwa ce tsaye a bayanta, ba sallama, labule ma bai motsa ba.

"'Yata, ba ki yi mana ƙofa ba," in ji tsohuwar, murya a dishe. "Tun safe muke zagaye. Ƙafafuna sun gaji."

Yagana ta dubi ƙasa. Sawun toka ne, daga ƙarƙashin teburinta ya faro. Ta ɗaga ido ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Na Ya Kaltum, mai ƙosan bakin gidansu, ba ya ciki.